Filin Mota da Matuƙi: Tsakanin Ƙafa da Kafireta

A wannan mako za mu leƙa ƙarƙashin bonet ɗin wata tsohuwar motar ƙasaita ta Ingila, watau Jaguar E-Type, wadda aka fara nuna wa duniya a bikin baje kolin motoci na birnin Janiba cikin watan Maris na 1961. Injinta mai silinda shida ne, lita 3.8, daga baya a 1964 aka ƙara shi zuwa 4.2. Kafireta uku samfurin SU ke shayar da shi mai. Masu sha'awarta a Turai da Amurka har yau suna ta muhawara a kan abu guda: hanyar da saƙo ke bi daga ƙafar direba zuwa waɗannan kafiretoci.

Ba waya ce ke jan totur ɗin wannan mota ba. Sandunan ƙarfe ne jere, wannan ya tura wancan, wancan ya murɗa na gaba, kowace mahaɗa da bushinta. Kafiretocin kuwa a gefen dama na inji suke. Saboda haka motar da ke da sitiyari a hagu, irin wadda aka yi ta kai wa Amurka, kuma irin tsarin da mu ma muka koma a 1972, sai sandunan sun ratsa bayan inji tukuna. Lokacin da motar ke sabuwa babu laifi. To, amma bayan shekara hamsin ko sittin kowace mahaɗa ta ci. A ce mahaɗa takwas ne, kowacce ta yi sako-sako da rabin milimita. Milimita huɗu ke nan sun salwanta kafin kafireta ta san an taka. Direba zai ji motar ta yi nauyin tashi, sa'an nan ta zabura, kuma ko ya kai totur ƙasa bakin kafiretocin ba ya buɗewa duka. Da yawa sun kashe kuɗi wajen kwance inji lafiyayye saboda wannan.

Gwajin ba shi da wuya. A kashe inji, mutum ɗaya ya danne totur har ƙasa, bakanike ya gwada murɗa sandar kafireta da hannu. In ta ƙara motsawa, an sami ɓarawon.

Magani iri biyu ne. Ko dai a sabunta bushi da mahaɗai a bar tsarin yadda kamfani ya yi, ko kuwa a cire sandunan a sa waya mai gudu cikin kube, irin ta birkin keke. Ni dai ina bayan waya ga mai hawan motarsa kullum, domin inji yana rawa a kan mazauninsa, waya kuwa tana bin rawar ba ta damu ba. Amma kada garin neman gira a rasa ido. Lalle ne kowace kafireta ta kasance da sifirin ɗinta mai mayar da ita rufe, domin totur da ya maƙale a buɗe cikin mota mai irin wannan gudu ajali ne. Kada a lanƙwasa wayar da yawa, kada a kusantar da ita ga zafi. A kuma duba wayar da ke haɗa inji da jikin mota, gama in ta lalace wutar sitata za ta bi ta wayar totur ta ƙone ta. Har wa yau, abin da wayar ke naɗuwa a kai ya zama mai buɗe kafireta sannu-sannu da farko, in ba haka ba motar za ta riƙa fizga cikin gari.

Tsofaffin sandunan kuwa a wanke su, a shafa musu mai, a adana. Masu sayen irin waɗannan motoci suna ƙara kuɗi ne a kan wadda kayanta na asali suka cika, kuma ranar ciniki za a tambaye su.