Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Wane Fasfo Za A Yi Wa Jaririyar?

Rubutun yau ya ɗan yi tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa.

Shekarun baya ofis ya tura ni wani kwas na ƴan watanni a Indiya. A can na yi sabo da wani matashi injiniyan kwamfuta ɗan jihar Telangana, mutum mai kirki, shi ya riƙa yi mini jagora a kasuwa har na daina sayen abu a kan ninkin kuɗinsa. Daga baya ya samu aiki a Amurka, ya ɗauki matarsa suka koma Texas. Satin da ya wuce ya turo mini hoton jaririya, Allah ya ba su ɗiya mace. Na yi masa barka, na tsokane shi na ce sai a yi sallama da barci. Sai ya ce, "Ɗan'uwa, ai ba kukanta ne ya hana ni barci ba, maganar fasfonta ce."

Da na ba uwargida labari, cewa ta yi, "Haba Malam, wannan har abin tunani ne? A yi mata guda biyun mana." Ni ma da farko haka na ɗauka, domin a wurinmu abin mai sauƙi ne. Sai da ya zauna ya warware mini, ni ma na koma na bi dokokin, sannan na gane cewa bawan Allah nan yana tsaka mai wuya.

Ga yadda abin yake. A Amurka, gyara na 14 da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1868 ya ce wanda aka haifa a ƙasar, kuma yake ƙarƙashin ikon dokokinta, ɗan ƙasa ne. A 1898 Kotun Ƙolinsu ta tabbatar da haka a shari'ar Wong Kim Ark, wani da iyayensa ƴan China suka haifa a San Francisco. Saboda haka yarinyar nan tun ranar da ta faɗo duniya Ba'amurkiya ce, ba tare da kowa ya cika fom ba.

Ita kuwa Indiya ba ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu ba. Dokarta ta zama ɗan ƙasa ta 1955, bayan gyaran da ya fara aiki a Disamban 2004, ta ce yaron da aka haifa a waje ba zai zama ɗan Indiya ta hanyar iyayensa ba sai an yi rajistar haihuwarsa a ofishin jakadancin Indiya cikin shekara ɗaya, kuma sai iyayen sun sa hannu cewa yaron ba ya riƙe da fasfon wata ƙasa. Ko an yi hakan ma ba a gama ba. Idan ya cika shekara 18 yana da wata shida ya ajiye ɗaya ƙasar, in bai ajiye ba ta Indiya ta kuɓuce masa.

To sai ka ce, ai shi ke nan, su yi mata na Indiya, idan ta girma ta zaɓa. A nan ne gizo ke saƙar. Dokar Amurka ta wajabta wa ɗan ƙasarta ya shiga kuma ya fita da fasfon Amurka, sannan ba a ba wa ɗan ƙasa biza ya shiga ƙasarsa. Ke nan idan suka ɗauke ta da fasfon Indiya suka kai ta Hyderabad kakanni su gan ta, dawowa da ita wurin aikin uban zai zama aiki. Idan kuma suka yi mata na Amurka don a samu zirga-zirga, ƙofar rajistar Indiya ta rufe. Gaba kura, baya sayaki.

Abin da mafi yawansu ke yi shi ne fasfon Amurka, sai a haɗa da wani kati da Indiya ta ƙirƙiro a 2005 mai suna OCI. Sunan katin yana nufin ɗan Indiya mazaunin ƙetare, amma kada sunan ya ruɗe ka, a zahiri biza ce ta tsawon rai. Mai shi zai shiga Indiya ya fita yadda ya so, ya zauna, ya yi karatu, ya yi aiki a kamfani, ya sayi gida. Amma ba zai yi zaɓe ba, ba zai tsaya takara ba, ba zai riƙe manyan muƙaman gwamnati ba, kuma ba zai sayi gona ba, sai dai ya gaje ta. Tun 2021 ma an fayyace cewa sai ya nemi izini na musamman kafin ya yi aikin jarida, ko bincike na ilimi, ko wa'azi irin na Tabligh ko na mishan. Kuma gwamnati na da ikon soke katin. A 2019 ta soke na marubuci Aatish Taseer, wanda a Delhi ya tashi a hannun mahaifiyarsa.

Abin da ya fi tsaya wa abokina a rai shi ne abin da ya faru lokacin korona. A watan Maris na 2020 Indiya ta dakatar da amfani da katin OCI wajen shiga ƙasar. Da aka fara jigilar ƴan ƙasa zuwa gida a watan Mayu, sai aka samu iyaye masu fasfon Indiya, wasu aikinsu ya ƙare, jirgi zai ɗauke su amma ba zai ɗauki jaririn da ke hannunsu ba, domin a takarda baƙo ne. Sai da aka yi ta kururuwa kafin gwamnati ta sassauta wa irin waɗannan yara. Ya ce mini, "Ranar da aka shiga matsi, ni da ɗiyata layi daban-daban za mu bi." Wallahi wannan magana ta taɓa ni.

Shi ma fasfon Amurkan yana da nasa nauyin. Amurka na cikin ƙasashe ƙalilan da ke bin ɗan ƙasarsu da maganar haraji duk inda yake zaune a duniya. Ko da yarinyar nan ta koma Indiya tana shekara uku ba ta sake taka Amurka ba, idan ta girma ta fara samun kuɗi sai ta riƙa cika takardun harajin Amurka.

Sannan mu duba halin da iyayen ke ciki. Uban yana kan bizar aiki ta H-1B, wadda kusan kashi 70 cikin 100 na masu samunta ƴan Indiya ne. Bizar a ɗaure take da aikin. Idan kamfani ya sallame shi yau, kwana 60 ke gare shi ya samu wani ko ya haɗa kayansa. Katin zama na dindindin kuwa akwai ƙa'idar cewa ƙasa ɗaya ba za ta wuce kashi 7 cikin 100 na abin da ake rabawa a shekara ba, ƙasa mai mutum sama da biliyan ɗaya da miliyan 400 da ƙasa mai mutum miliyan biyar duk ma'auni ɗaya. Shi ya sa ɗan Indiya kan yi shekaru da yawa a layi. Yaron da aka zo da shi daga Indiya yana ƙarami, idan ya cika 21 layin bai zo kan uban ba, sai ya fita daga inuwar bizar iyayensa ya nemi tasa, ko ya bar ƙasar da ya tashi a ciki. Wanda aka haifa a can shi kaɗai ne a gidan ba shi da wannan fargaba.

Ita ma wannan garkuwar an fara girgiza ta. Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a umarnin hana ƴaƴan baƙi marasa takardu, da na masu bizar wucin gadi irin ta abokina, zama ƴan ƙasa ta hanyar haihuwa. Kotuna suka taka masa burki, rigimar ta kai har Kotun Ƙoli. Kada kuma mu ɗauka ba a taɓa yi ba a duniya. Birtaniya ta daina bayar da ƙasa don haihuwa kawai tun 1983, Ostireliya a 1986, Ireland ta yi ƙuri'ar raba gardama a 2004 ta soke. Ita kanta Indiya ta daina tun 1987. A Dubai ko Riyad kuwa babu ma zancen zaɓi, ɗan Indiya ya haifi ɗa a can, ɗan Indiya ya haifa, ko da zuri'ar ta shekara arba'in a garin.

Da ya tambaye ni shawara, ga abin da na faɗa masa, kuma har yanzu a kai nake. Na ce ya fara amsa tambaya ɗaya tsakaninsa da Allah: ina yarinyar nan za ta yi firamare da sakandare? Idan ya san nan da shekara ɗaya ko biyu zai tattara ya koma gida gaba ɗaya, to rajistar Indiya na da ma'ana, ta tashi daidai da ƴan ajinsu, idan ta kai 18 ta yanke wa kanta. Amma idan gaskiyar magana ita ce zama zai ci gaba da yi, kamar yadda dubbai suka ce "shekara biyu zan yi" har furfura ta riske su a can, to ya yi mata fasfon Amurka ya haɗa da OCI. Dalilina shi ne hanyar komawa a buɗe take. Dokar Indiya ta ba wanda ya shekara biyar da rajistar OCI, kuma ya zauna a ƙasar wata 12 kafin ya nema, damar neman zama cikakken ɗan ƙasa idan zai ajiye ɗayar. Uba nagari ba ya rufe wa ɗa ƙofar da ɗan zai iya rufewa da kansa idan ya yi hankali.

Na san akwai masu cewa wannan rashin kishin ƙasa ne. Mahaifinsa ma haka ya ce masa a waya, wai jikarsa ta fari za ta zo gidan kakanta da takardar baƙi. Ban raina wannan magana ba. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san darajar a ce kana da haƙƙin zama a kujerar da ake yanke wa ƙasarka hukunci. A Indiya jarrabawar shiga manyan ma'aikatan mulki ta IAS mafarkin miliyoyin matasa ce, kuma sai ɗan ƙasa ke samun wannan kujera. Yarinyar nan ta rasa wannan tun tana cikin tsumma, asara ce ta gaske. Amma wa ya jawo asarar? A ganina dokar ce ta tilasta wa iyaye raba abin da bai kamata a raba ba. Gwamnatin Indiya da kanta ta faɗa wa majalisa cewa sama da mutum dubu 200 sun ajiye fasfonta a 2022, haka ma a 2023. A lokaci guda ita ce ƙasar da ta fi kowace karɓar kuɗi daga ƴaƴanta mazauna waje, sama da dala biliyan 100 a shekara. Ka karɓi kuɗin mutum hannu biyu-biyu, ka yi alfahari da Kamala Harris da Rishi Sunak da Sundar Pichai, sannan ka ce wa jaririn gidansa ya zaɓa tsakaninka da inda aka binne cibiyarsa? Ni dai ban ga adalci a nan ba. Na fahimci tarihin da ya haifar da tsoron, rabuwa da Pakistan a 1947 ba ƙaramin rauni ba ne, shi ya sa ma wanda iyayensa ko kakanninsa suka taɓa zama ƴan Pakistan ko Bangladesh ba ya samun OCI. Amma jaririyar Texas ba ita ta raba ƙasar ba.

Yanzu bari in juyo gida kaɗan. Abin da abokina ke kwana yana nema, mu tsarin mulkin 1999 ya ba mu a ɓagas. Sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a waje, in dai uwa ko uba ɗan Najeriya ne, to ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Sashe na 28 kuma ya bar irin wannan mutum ya riƙe wata ƙasar ba tare da ya rasa tasa ba. Sai dai mu ma ba ma bayar da ƙasa don haihuwa kawai. Ɗan Indiyan da aka haifa a Bompai, ya tashi yana jin Hausa kamar jakin Kano, ba ɗan Najeriya ba ne sai in uwa ko uba ko wani cikin kakanninsa ɗan ƙasa ne, ko kuma ya bi doguwar hanyar nema. Kafin mu zagi Trump, yana da kyau mu san wannan.

Abin da ya fi damuna shi ne, mu da muke da sauƙin, mun kasu biyu. Masu hali suna kai matansu waje su haihu don fasfo, wasunsu ma su ne aka ba amanar gyara asibitocin da suke gudu. Talaka kuma ya haihu a gida, a yi suna, a yanka rago, amma ba wanda ya tuna da zuwa hukumar ƙidaya a karɓo takardar haihuwa, sai ranar da yaro zai yi jarrabawa ko za a yi masa NIN a fara yawon kotu neman takardar rantsuwar shekaru. Wanda ya je Makka ya ga ƴan'uwanmu da aka haifa a can, ba su da takardar can ba su da ta nan, ya san inda sakaci da takarda ke kai zuri'a.

A ƙarshe na ce wa abokina, ko wane launi fasfon ya zama, ya riƙa yi mata Telugu a gida, ya riƙa kai ta wurin kakanni tun suna raye, domin babu ofishin jakadancin da ke bayar da wannan. Ya yi dariya ya ce matarsa ta riga ta fara cika fom ɗin Amurka, shi ne dai zuciyarsa ba ta gama saki ba.

Ku fa, da ku ne a matsayinsa, wanne za ku yi wa yarinyar? Masu ƴaƴa a waje musamman, ina son jin yadda kuka yi. Allah ya raya mana zuri'a, ya sa su zama masu amfani duk inda suka samu kansu.