Mu daina wulaƙanta hamza

'Yan uwa marubuta, mu faɗa wa juna gaskiya. Matashi zai tashi a Mandawari, ya yi boko, ya san bambancin its da it's, har ya ji kunya in ya kuskure su a Turanci. Amma in ya zo rubuta labari da Hausa, sai ya watsa hamza inda ya ga dama: k'asa, d'aya, b'arawo. Ko kuma ya rubuta yaya a gurbin 'ya'ya. Wannan raina harshen uwa ne.

A Turanci alamar tana nuna mallaka ko harafin da aka cire. A Hausa kuwa sauti ce mai zaman kanta, ita ce a tsakiyar sa'a, jama'a da ma'ana. Su kuma ɓ, ɗ da ƙ haruffa ne cikakku, tun zamanin Rupert East a Zariya cikin shekarun 1930 suka zauna a rubutun boko.

Masu cewa "ai ana ganewa", to ku gane mana wannan: "Na bar Mandawari zan je fada." Gidan Rumfa za shi, ko rigima? Kura ce ta taso a layi, ko ƙura?

Uzurin waya ma ya ƙare, domin Gboard yana da allon Hausa kyauta. Kafin ka sako babi na gaba, sa shi a wayarka, ka bi rubutunka layi-layi, ka sa kowace ƙugiya, hamza, waƙafi da aya a mazauninsu.