Baƙin mai ba maganin ƙazwar kare ba ne



Shekaranjiya na ga kare a unguwarmu an shafe shi da baƙin mai tun daga kunne har wutsiya, wai maganin ƙaiƙayi. Mai shi ya ce haka ya taso ya ga ana yi. Haba ɗan'uwa!

Ƙazwar kare wasu ƙwari ne da ido ba ya gani ke kawo ta, suna shiga cikin fata su yi ƙwai. Baƙin mai ƙona fatar yake yi, karen ya lashe, guba ta shiga cikinsa. Masu zuba masa Sniper sun fi ɓarna. Maganin ƙwarin gona ne, tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwa.

Wani zai ce, "Kare ne fa." To, wa ke kwana yana gadin gidanka da awakinka? Mun manta hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare? Kuma ƙaiƙayin nan yakan kama yaran da ke wasa da shi.

Kai shi wurin likitan dabbobi. Shi zai tantance ko ƙazwa ce, ƙuma ko kaska. In ƙazwa ce, akwai allurar ivermectin daidai nauyin karen, a maimaita yadda likita ya ce. A ƙona tsumman da yake kwanciya a kai, a haɗa da rigakafin haukan kare.

Wanda ba zai iya wannan ba, kada ya ajiye kare. Allah Ya sa mu gyara.