Wasan Kwamfuta: Su Wa Za Su Shiga Ayarin Jarumanmu?

A watan Agustan 2021 masu wasan kwamfutar nan da ake kira Age of Empires III suka ƙara Hausawa cikin jerin al'ummomin da ɗan wasa zai iya jagoranta, suka kuma ɗora Sarauniya Amina ta Zazzau a kansu. A ƙarshen wannan shekara kamfanin Netflix ya fitar da fim mai suna Amina, wanda ya sha suka a nan Arewa saboda yadda aka yi wa harshe da al'ada riƙon sakainar kashi. Da wasan Civilization VII ya fito a watan Fabrairun 2025, sai ga Amina kuma a sahun shugabannin duniya. Wato sau uku baƙi suka yi mana sallama suna neman jarumi, sau uku mutum ɗaya ta fito. Ban ga laifin baƙin ba, domin abin da aka ajiye a bakin ƙofa shi mai wucewa ke ɗauka. Namu ne abin dubawa.

Akwai wani nau'in waɗannan wasanni da ya fi kowanne shiga ran yara, wanda za mu iya kira wasan shiga rigar jarumi. A cikinsa ɗan wasa yakan haɗa tawagar mutum biyar ko shida, kowa da aikinsa, ya bi da su ta cikin wani dogon labari, wani lokaci ma daga wannan zamani zuwa wancan. Japanawa sun ƙware a nan. Tun a 1995 suka fitar da Chrono Trigger, inda 'yar zamanin da ake farauta da kulki take tafiya tare da mutum-mutumin ƙarfe na zamanin da bai zo ba. A 2015 suka fitar da Fate/Grand Order a wayar hannu, inda ake kirawo mazajen tarihi da na almara daga ko'ina a duniya su yi yaƙi a sahu guda. A Afirka ma an fara, don kuwa wani kamfani na ƙasar Kamaru ya fitar da nasa mai suna Aurion a 2016. Ko ba daɗe ko ba jima wani matashi a Kano ko Zariya zai zauna ya tsara namu, kuma tambayar farko da za ta tare shi ita ce: su wa zan ɗauka?

Kada mai karatu ya ce wannan zancen yara ne. An cire darasin tarihi daga makarantun firamare da ƙananan sakandare a zangon karatu na 2009/2010, ba a kuma yi bikin mayar da shi ba sai a 2022. Akwai ɗalibai masu yawa, wasunsu har sun yi aure, da ba a taɓa tsayawa gaban allo an faɗa musu sunan Rumfa ba. Duk wanda aka sa a cikin wasan da yaro zai shafe wata uku yana bugawa, shi ne zai zauna masa a ka, wanda aka bari kuwa an binne shi karo na biyu.

Ra'ayina shi ne kada mai tsara wasan ya kwaikwayi rundunar sarki, ya jera mana masu takobi shida. Ya kwaikwayi ayarin fatake. Kakanninmu sun daɗe da warware matsalar yadda ake haɗa mutane mabambanta su yi doguwar tafiya mai hatsari: ga madugu uban tafiya, ga jagaba mai shiga gaba ya san hanya da zango, ga ubandawaki mai kula da fito da kuɗin da ake biya a garuruwa, ga malamin ayari mai alƙalami da addu'a. Ba a ɗaukar mutum saboda girman rawaninsa, sai saboda abin da zai tsinana idan tafiya ta yi tsanani. In kuwa ana son ganin yadda wannan ma'auni ke sauya zaɓi, to a bar birni da fadarsa, a kama hanyar kudancin Kano, daga Bebeji da Kiru, a ratsa Tudun Wada zuwa Doguwa.

A Bebeji za a sami madugu. Nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877 cikin zuriyar Agalawa, a garin da tun 1826 Baturen nan Kilafaton ya ratsa ya tarar da shi cike da jama'a da ciniki. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta tafi Ankara ta ƙasar Gana ta yanzu, wata baiwa mai suna Tata ta riƙe shi, har sunanta ya bi shi ya bi jikokinsa. Ya yi fataucin goro a hanyar Gwanja, da ya ga jirgin ruwa ya fi jaki sauri ya koma ɗauko kaya ta teku zuwa Ikko, da jirgin ƙasa ya iso Kano ya rungumi gyaɗa. A 1929, da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, an ce raƙuma ashirin ne suka kai azurfarsa. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma. Mutumin da ya rayu a zamanin jaki da na jirgin ruwa da na dogo, bai ruɗe a ko ɗaya ba, shi ya dace ya ja ayarin da zai riƙa tsallaka ƙarnoni. Wani zai ce yara faɗa suke so, ba lissafin ƙwaryar goro ba. Wanda ya faɗi haka bai san hanyar Gwanja ba: watanni ana tafiya, ga 'yan fashi, ga ƙetare Kwara da dabbobi, ga sarakunan da kowanne ke son nasa kason, ga goron da in ba a yayyafa masa ruwa an sauya masa ganye ba zai lalace kafin a iso gida. Wasan da aka gina a kan wannan ba zai rasa bugun zuciya ba.

Ita ma Tata kada a bar ta a baya. A irin waɗannan wasanni akwai gurbin mai jinya, wanda idan ya faɗi tawaga duka ta faɗi. A ba ta wannan gurbi, a kuma faɗa wa yaro gaskiya cewa baiwa ce, domin ya tambayi iyayensa abin da kalmar ke nufi. Mun iya yabon gidajen arziki, amma ba kasafai muke ambaton hannuwan da suka yi renon masu gidan ba.

Mai ƙarfin ayari ba sai an sha wahalar nemansa ba. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ba mu Barbushe na Dutsen Dala, ƙaton da aka ce da sanda yake kashe giwa ya ɗauko ta a ka, wanda kuma ya yi wa mutanensa hasashen zuwan baƙon da zai mallake su. Baƙon shi ne Bagauda, wanda tafkin da ke ƙasar Bebeji, kusa da Makarantar Horar da Lauyoyi, yake ɗauke da sunansa. Na san akwai masu ƙyamar a ambaci mai hidimar Tsumburbura a gaban yara. Sai dai malamai Musulmi ne suka rubuta labarinsa da Larabci, suka adana shi, ba su kuma ji tsoron zai raunana imanin kowa ba. Amina kuwa ta riƙe gurbinta na sarkin yaƙin ayari, ta cancanta. Abin da kawai zan roƙa shi ne a bar yaro ya san cewa masana ba su daidaita a kan zamaninta ba, don Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, tsakanin 1421 da 1438, wasu kuma sun kai ta ƙarni na 16 a matsayin 'yar Bakwa Turunku.

Idan aka wuce dajin Falgore aka shiga ƙasar Doguwa, akwai Riruwai. Tun kafin Turawa su san akwai kuza a wannan yanki mutanen garin suke haƙo ta, su narka, su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. Irin waɗannan tsinkaye na cikin abin da ya ja hankalin kamfanonin Ingila zuwa duwatsun Bauchi da Jos a farkon ƙarni na 20, kuma da manyan injuna suka zo sai sana'ar gargajiyar ta mutu. Littattafan makaranta ba su riƙe sunan ko mutum ɗaya daga cikin masu narkar ba, alhali kuwa sun riƙe na sarakunan da ba su yi shekara guda a gado ba. To, a nan wasa ya fi littafi dama. Mai tsarawa yana iya ƙirƙiro mai narkar kuza na Riruwai, ya ba shi aikin ƙera wa ayari makamai da gyara abin da ya karye, muddin ya bayyana cewa mutumin ƙirƙira ne, sana'ar da garin kuma gaskiya ne. Haka zai yi da maharbin Falgore in yana bukatar jagaba.

Inda na san za a yi mini ca shi ne Burum-Burum ta ƙasar Tudun Wada. A nan ne Muhammadu Alwali, sarkin Kano na ƙarshe kafin jihadi, ya yi tsayuwarsa ta ƙarshe aka kashe shi a wajajen 1807, bayan an karya rundunarsa a Ɗanyaya. Shekaru fiye da 200 ana ba da labarinsa daga bakin waɗanda suka ci shi da yaƙi. Amma ko a cikin Tarihin Kano ba mutum ne mai fuska ɗaya ba. An ce da hawansa gado ya shiga tara gero da dawa don gudun yaƙi da yunwa, yunwar kuma ba ta fasa zuwa ba. An ce shi ne ya gaji da yanka wa Dirki shanu, ya sa aka fasa ƙunshin fatun da aka daɗe ana tsafi da shi, sai ga Alƙur'ani a ciki, mutane suka ce yadda ya fitar da shi haka za a fitar da shi daga garin. Mutum mai tanadi da tanadinsa bai cece shi ba, mai fasa camfi da aka kora da sunan yaƙi da camfi: marubucin da ya bar irin wannan ya ɗauki wani gwarzo marar tabo bai san sana'arsa ba. Sa shi a ayari ba ya nufin an ce shi ke da gaskiya. Nufin shi ne yaron Kiru, ƙasar da Sulluɓawan Malam Jamo suka zauna kafin su ɗauki tuta, da yaron Burum-Burum su ga cewa kakanninsu duka mutane ne masu dalili da tsoro da kuskure.

Akwai kuma waɗanda nake ganin bai kamata a taɓa su ba, duk da cewa su ne za su fara zuwa a ran kowa: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da ƙaninsa Abdullahi, da Nana Asma'u, da Shehu Magili baƙon Rumfa. Dalilina daga yanayin wasan kansa yake. Jarumin wasa abin juyawa ne a hannun yaro. Ana kashe shi a tashe shi sau goma a dare ɗaya, ana sauya masa tufafi, ana sa masa magana a baki. A Fate/Grand Order an mayar da Sarki Arthur na almarar Ingila budurwa, kuma jaruman da ƙuri'a ake samunsu, mutum ya zuba kuɗi ya jira sa'a, abin da ba shi da maraba da caca. Wa zai so ya ji ɗansa yana cewa ya ci Shehu a ƙuri'a? Ko manyan kamfanoni sun san wannan iyaka, don a 2008 kamfanin Sony ya janye wasan LittleBigPlanet daga kantuna ya jinkirta fitarsa saboda an sami ayoyin Alƙur'ani a cikin wata waƙa da ke ciki. Gurbin malamin ayari ana iya cike shi ba tare da wannan kasada ba. A ɗauko jaji guda daga cikin matan da Nana Asma'u ta riƙa naɗa wa malfa tana tura su ƙauyuka su karantar da 'yan taru. Aikin Nana zai bayyana, mutuncinta kuma yana nan inda yake. Game da sarakunan da zuriyarsu ke kan gado, rikicin masarautar Kano tun daga 2019 ya isa ya nuna wa mai hankali cewa wannan wuta ba ta mutu ba. Shi kansa Ɗantata, sai an je an yi sallama da iyalinsa.

Saura Gizo, kuma ba na jin ayarin Hausawa zai tashi babu shi. Shi ne ɓarawon tawaga, mai buɗe ƙofar da ƙarfin Barbushe ya kasa, mai jefa kowa cikin masifa saboda kwaɗayi sannan ya fitar da su da ƙarya. Sharaɗi ɗaya ne: a nemo wanda ya iya tsamin bakinsa ya yi masa murya, don Gizon da ke magana garau kamar mai karanta labarai a rediyo ba Gizo ba ne.

Da ni ke tsara zangon ƙarshe, da Bebeji zan mayar da ayarin, a farkon watan Fabrairun 1903. Rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya za ta Kano, Sarki Alu yana can hanyar Sakkwato, kuma Bebeji ce gari mai ganuwa na farko da ya rufe ƙofa ya ƙi. Aka saita igwa a kan ƙofar, harsashi ya farfasa ta ya kashe sarkin garin da wasu manyansa da ke tsaye a bayanta. Ranar 3 ga wata Kano ta faɗi. A wannan zango ɗan wasa yana da sandar Barbushe da dawakin Amina da dabarar Gizo da azurfar madugu, amma ko me ya yi ƙofar sai ta faɗi, domin haka ta faru. Abin da za a bar masa ya zaɓa shi ne mutum nawa zai iya fitarwa ta ɗaya ƙofar kafin sojoji su shigo, da kuma wanda zai bari a baya ya tare hanya.