Kwalekwale Na Masunci Ne, Ba Na Fito Ba

Mutanen Getso ba a san mu da ruwa ba. Noma muka gada. Amma tun da aka gina madatsun Guzuguzu da Magaga, aka kuma kammala ta Challawa a Ƙaraye a 1992, su ya zama sana'a a ƙasar Gwarzo da Kabo. Duk wanda ya je bakin ruwayen nan, kwalekwale kaɗai zai gani. Jirgin nan mai faɗi, wanda ake ɗaure masa filafilai biyu a gefe, matuƙi ya ba gaba baya yana ja, irin tuƙin da ɗaliban Oxford da Cambridge suka fara tsere da shi a 1829, ba ka samun mai sayar da shi. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Da farko, masunci da ido yake aiki. Tilas ya fuskanci inda ya dosa, ya ga tarunsa, ya kauce wa kututturan da ruwa ya binne. Na biyu, filafili guda a hannu yakan bar shi ya kutsa cikin kacalla, inda dogayen filafilai biyu za su sarƙe. Na uku, jirgi mai faɗi ya fi cin katako da ƙusa, ga wuyar ɗauka. Kafinta kuwa abin da ake saye yake ƙerawa. A nan ban ga laifin kowa ba.

Inda na ja daga shi ne wajen fito. Sirantakar da ta amfani masunci, ita ce makasar fasinja. A watan Nuwamba na 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari, tsakanin Badau da Bagwai, mutum fiye da ashirin suka rasu, yawancinsu yaran Islamiyya masu zuwa Mauludi. Lodi ya yi yawa, gaskiya ne. Amma jirgi mai faɗin ciki ya fi jure motsin mutane, filafili ɗaurarre kuma yakan ba matuƙi damar ja da ƙarfin bayansa duka.

Saboda haka ina ganin ya kamata ƙananan hukumominmu da sarakunan ruwa su raba aikin biyu. A bar wa masunci kwalekwalensa. Mai fito kuwa a wajabta masa jirgi mai faɗi, da ƙayyadadden lodi, da rigunan ceto. In aka sami masaya, kafintoci za su ƙera. Allah ya kiyashe mu.