Daga Bakin Allo: Kwana Uku a Duwatsun Ahaggar

A wannan watan mun ajiye maganar jarrabawa, domin mun yi 'yar tafiya a hutun Disamba, kuma mun ga abin da bai kamata mu yi shiru a kansa ba.

Abin da ya tayar da mu shi ne, ran nan mun tambayi 'yan ajinmu wa ya taɓa zuwa Asekrem, ba wanda ya ɗaga hannu. Yara haifaffun Tamanrasset! Sun san kasuwar Assihar, sun san hanyar In Gezzam da ake bi zuwa Agadas, amma duwatsun da suke hange kullum ta tagar aji, sai dai kallo. Sai muka haɗa kuɗi mu malamai uku, muka yi hayar wata mota da aka mayar da bayanta ɗaki, da katifu da risho da jarkokin ruwa. Muka ɗauki yara huɗu da ɗan jagora Ba'abzine.

Ranar farko muka nufi Abalesa, kimanin kilomita 80 yamma da gari. A can bisa wani tudu kabarin Tin Hinan yake, matar da Abzinawan Ahaggar ke kira kakarsu, wadda aka ce daga Tafilalt ta ƙasar Maroko ta taso. Gini ne na duwatsu mai ɗakuna da yawa, ya haura shekara 1,500. A 1925 Turawa suka tone shi, suka sami ƙasusuwan mace da mundaye bakwai na azurfa a hannu ɗaya, bakwai na zinariya a ɗayan. Wata yarinya ta leƙa ramin ta ce, "Malam, to ina take?" Muka ce tana gidan tarihi na Bardo a Aljiyas. Ta ce, "Wa ya ba su izini?" Ɗan jagora ya gyara rawaninsa kawai.

Kashegari muka dawo ta gari muka yi arewa. Hanyar Asekrem ba ta motar da ke ɗauke da ɗaki a baya ba ce. Sau biyu lagireto yana tafasa, har muka zuba masa ruwan alwalarmu. A masaukin da ke gindin tsaunin muka bar motar, muka ƙarasa a ƙasa. Tsayin wurin ya wuce mita 2,700, sanyin asuba kuwa, hunturun Katsina wasan yara ne. A nan Bafaranshen nan Charles de Foucauld ya zauna a wani ɗakin dutse a 1911, yana tara kalmomin Abzinanci don ƙamusunsa, irin aikin da Bargery ya yi wa Hausa a 1934. A Tamanrasset aka kashe shi a 1916. Da rana ta ɓullo a bayan tsaunukan, yaran da ba sa rufe baki a aji suka yi tsit.

Rana ta uku ce ta ɓata mana rai. Mun gangaro muka je Tamekrest, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. Wanda ya san Gurara ko Matsirga zai yi dariya, don siririn ruwa ne ke sulalowa cikin wani kwarmi. Amma a ƙasar da ruwan saman shekara da wuya ya wuce milimita 50, wannan kwarmi shi ne randar makiyaya da awakinsu da raƙumansu. To, me muka tarar? Gorunan roba, gwangwanayen kifi, leda tana yawo a kan ruwan. A jikin dutse kuma sunaye da jan fenti, da Larabci da Faransanci. Muna cikin tsaki sai wani yaro ya ce, "Malam, ga na Hausa." Wani ɗan uwanmu ne ya rangaɗa sunansa da na garinsu, har da kwanan wata. Ba za mu faɗi garin ba, mai shi ya san kansa. Ɗan jagora ya karanta, don ya ji Hausa, bai ce mana komai ba. Da ya yi faɗa da ya fi mana sauƙi.

Buhu biyu muka cika da shara muka ɗora a kan katifun da muka kwana. Fentin kuwa ya gagare mu, yana nan.

Za mu koma a hutun Maris in Allah ya yarda, da kananzir da burushin ƙarfe. Duk uban da ke so ɗansa ko 'yarsa su bi mu, ya same mu a makaranta bayan la'asar. Kowane yaro ya zo da bargo biyu.