Ina Masu Rufin Asirin Ƙasar Zugu Suka Shiga?

Tun kaka da kakanni, mutanen kowane gari na ƙasar Hausa kashi uku suke. Akwai attajiri, akwai matalauci, kana a tsakaninsu akwai mai rufin asiri, watau mutumin da bai tara ba, amma kuma bai roƙa ba. Malamin makaranta da akawu da malamin asibiti suna cikin wannan kashi, haka manomi mai shanun huɗa da rumbu biyu, da ɗan kasuwa mai rumfa. A kan waɗannan mutane muke so mu yi magana yau, domin a ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum kullum raguwa suke yi.

A zamanin En'e ta Sakkwato, lokacin da waɗannan garuruwa suke gundumomi, talaka ya sha nauyin haraji da jangali, wannan ba abin musu ba ne. Amma akwai hanyar hawa. Manomi ya sayar da auduga da gyaɗa a kai su Gusau a loda a jirgin ƙasa, ya sa ɗansa makaranta, ɗan ya fito malami ko akawu, ya sayi keke, ya riƙe iyayensa da ƙannensa. Albashi ɗaya yakan ɗauki gida guda.

Wannan hanya ce ta toshe sannu a hankali. A 1986 Gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, darajar Naira ta fara zubewa, daga baya masaƙar Gusau ta tsaya. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga wajen Naira 190 ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuwa ta haura 1,000. To, malamai, ku ɗauki alli ku yi lissafi. Mafi ƙarancin albashi na Naira 30,000 da aka yanka a 2019 ya fi dalar Amurka 80 a lokacin. Naira 70,000 da aka yanka a 2024 ba ta kai dala 50 ba. An ƙara lamba a takarda, mudu ya ragu a kasuwa.

Abin mamaki shi ne, ƙasar nan tana kwance a kan zinariya. Da farashinta ya hau a kasuwannin duniya, sai mutane suka duƙufa haƙa, suna kawo duwatsu cikin gida mata suna daka. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyuka kamar Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, yara wajen 400 suka rasu, sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta kawo ɗauki. Bagega kuwa ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasarta ba sai a 2013. Zinariyar ta bi hannun dillalai ta fice, ƙura da kaburbura suka zauna a ƙauye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara, ta ɗage hanin a Disamba 2024. Mai karatu ya tambayi kansa makaranta nawa ko asibiti nawa ya san an gina a Anka da kuɗin zinariya.

Sai kuma masifar 'yan bindiga, wadda ta fi cin mai rufin asiri. Attajiri yana da halin kwashe iyalinsa ya koma Gusau ko Sakkwato ko Abuja. Wanda ke tsakiya ba ya iya tashi, ga shi kuma yana da ɗan abin da za a karɓa. Ranar da aka ɗauke masa ɗa, sai ya sayar da shanu, ya sayar da babur, ya jinginar da gona. Wa zai saya? Mai kuɗi, a farashin da ya ga dama. Ta haka dukiyar mutum goma take komawa hannun mutum ɗaya, ba tare da an karya wata doka ta ciniki ba. A Satumba 2021 aka rufe kasuwannin mako aka yanke layukan waya saboda tsaro, 'yan tireda da yawa suka cinye jarinsu a zaune. A Janairu 2022 aka kai hari ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka kashe mutane masu yawa, saura suka yi gudun hijira. Manomin da ya saba fid da zakka ya wayi gari yana jiran a ba shi.

Wani zai ce arziki na Allah ne, Yana ba wanda Ya so. Gaskiya ne, kuma ba mu yi wa kowa hassada. Amma mai rufin asiri shi ne ginshiƙin gari. Shi ke rance wa maƙwabci hatsi da bazara, shi ke riƙon maraya, shi ke da ilmin karanta takarda da ƙarfin halin tambayar hukuma. Idan ya faɗi, gari ya zama na mai bayarwa da mai miƙa hannu, mai miƙa hannu kuwa ba ya iya cewa a'a ko ranar zaɓe. Yaro kuma in ya ga malaminsa yana cin bashin mudun gero, alhali wanda ya bar aji ya tafi rami ya dawo da sabon babur, da wane baki za a ce masa karatu ya fi?

Saboda haka muna roƙon hukuma abu uku. Na ɗaya, a tsare hanya da gona, domin noma shi ne tushen rufin asirin Zugu. Na biyu, a biya malamai da ma'aikatan ƙananan hukumomi albashi da fansho a kan kari, a riƙa duba shi bisa ga farashin kasuwa. Na uku, tun da an buɗe haƙar zinariya, a rubuta sunan kowane mai lasisi a fili, a karɓi haƙƙin Gwamnati, a ware wani kashi sananne domin makarantu da asibitocin garuruwan da aka haƙo ta.

Ku kuma akawuna da malamai, alƙalami yana hannunku. Ku riƙe lissafi da gaskiya, ku kafa asusun taimakon juna, ku faɗa wa wakilanku abin da idonku ya gani. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.